Tarihin Magabata: Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar da Ta Raya Makaranta da Waƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 A wannan fitowa, filinmu na tarihin magabata zai yada zango ne a ƙasar Sakkwato, inda za mu kawo muku tarihin Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi musu rahama. Da wuya a sami ɗalibin Islamiyya da bai taɓa jin sunanta ba, domin makarantu da dama sunanta suke amsawa. Sai dai da yawanmu sunan kawai muka sani. Abin da muke so mu fahimta a yau shi ne yadda wannan baiwar Allah ta yi har matan ƙauye, waɗanda ba su san ko alif ba, suka riƙa yin tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa don su zauna gabanta, su koma gida da karatu a bakinsu, shekara ta kewayo kuma su sake dawowa ba tare da an tilasta musu ba. Makaminta a wannan aiki shi ne waƙa, sai kuma irin zaman da ta shirya wa masu koyon waƙar.

HAIHUWARTA DA GIDAN DA TA TASHI

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a garin Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Tagwaye aka haife su ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma sai mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A.). Sunan mahaifiyarta Maimuna, kuma ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai. Saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello.

Gidan Shehu gidan karatu ne, maza da mata. Tun kafin a haifi Asma'u, Shehu ya riga ya shahara da barin mata su halarci wa'azinsa, a keɓe musu gefe guda. Wani malamin ƙasar Barno mai suna Mustafa Gwani ya soki wannan al'amari, sai Shehu ya sa ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa, kuma da waƙa aka mayar da amsar. A cikin littafinsa Nurul Albabi ma Shehu ya zargi malaman da suke karantar da ɗaliban waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci.

To, a irin wannan gida Asma'u ta buɗe ido. Ta haddace Alƙur'ani mai girma, ta karanta fiƙihu da tauhidi da hadisi da sauran fannoni a wajen mahaifinta da yayyenta da sauran malaman gidan. Ta iya harsuna 4: Fulatanci wanda shi ne harshen gidansu, da Larabci, da Hausa, da Buzanci. Ta kuma tashi tana jin yadda mahaifinta yake tsara wa'azi a waƙe cikin Fulatanci domin makiyaya da talakawan da ba su jin Larabci. Wannan abin da ta gani tun tana yarinya shi ne ta ɗauka ta faɗaɗa da girma ya zo.

HIJIRA DA AURE

Asma'u tana da kimanin shekara 11 lokacin da zama ya gagara tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Daga nan aka shiga shekarun yaƙi: aka yi nasara a Tafkin Kwatto a 1804, aka sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada, har zuwa 1808 da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Duk wannan yawo da yunwa da fargaba da ita aka yi su, kuma duk da haka karatu bai tsaya ba, domin littattafai suna cikin kayan da Jama'a ta yi hijira da su.

A wajejen 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Allah Ya azurta su da 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Aure da haihuwa da hidimar babban gida ba su raba ta da alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ita da mijinta sun yi ɗawainiyar tattara rubuce-rubucensa da adana su. A 1820, tana da shekara 27, ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci. Ta zauna a Sakkwato, ta kuma zauna a Wurno, ribaɗin da Bello ya kafa. A lura, Wurno ta ƙasar Sakkwato ake nufi, ba tamu ta nan Birnin Kudu ba.

MATSALAR DA TA TARAR

Yaƙi ya ƙare, daula ta kafu, amma akwai sauran rina a kaba. Garuruwa da ƙauyuka sun cika da mata waɗanda sunan Musulunci kawai suke da shi. Wasu an kamo su ne a yaƙi, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wasu kuma matan karkara ne da suka tashi cikin al'adar bori, in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, wajen 'yan bori ake nufa. Waɗannan mata ba su jin Larabci, da yawansu ko Fulatanci ba su ji, sai Hausa. Ba su iya karatu ba, ba su da allo balle littafi. Ga daka, ga niƙa, ga ɗiban ruwa, ga raino. Alhali su ne iyayen yaran gobe, abin da suka sani shi za su shayar da 'ya'yansu.

Yaya za a yi da irin wannan ɗaliba? In aka ce sai ta zo ta zauna ta fara daga babbaƙu da farfaru kafin ta san yadda ake alwala, to wata har ta mutu ba ta kai ga sanin farillan salla ba. In kuma aka tsaya ana yi mata faɗa ana kiranta jahila, sai ta koma inda ake karɓarta da fara'a, ga kiɗan garaya ga rawa. Nana Asma'u ta fahimci cewa mutum ba ya barin abin da yake jin daɗinsa sai an ba shi wanda ya fi shi. Saboda haka ta nemi hanyar da karatu zai shiga kunne da daɗi, ya zauna a ka, ya kuma bi mace har bakin turmi.

ME YA SA TA ZAƁI WAƘA?

Wani zai ce, malam, waƙa kuma a makarantar addini? To, ya kamata mu bambance. Shehu a littafinsa Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da suke ɓata dare da rana wajen kaɗe-kaɗen banza, ya nuna cewa ana buga tambari ne don wata manufa da shari'a ta yarda da ita, kamar tara runduna. Waƙar da muke magana a kanta ita ce rubutacciyar waƙa, wadda ake tsarawa bisa kari da amsa-amo, a rera ta da murya kawai, abin da ke cikinta kuma ilmi ne da wa'azi da begen Manzon Allah (S.A.W.).

Wannan hanya tana da asali. Manzon Allah (S.A.W.) yana da mawaƙi, Hassanu bin Sabit (R.A.), wanda yake kare Musulunci da baitocinsa. Sahabbai sun rera baitoci lokacin ginin masallacin Madina da lokacin haƙa ramin Handaƙu don su ji ƙarfin aiki. Malaman da suka biyo baya kuwa sai suka riƙa mayar da fannonin ilmi waƙe domin sauƙin hadda. Alfiyya ta Ibnu Malik nahawu ce cikin baiti wajen 1,000. Ƙurɗabi da Ibnu Ashir fiƙihu ne a waƙe. Tuhfatul Aɗfal da ake koya muku a darasin tajwidi ita ma waƙa ce. Ga kuma Ishiriniya da Burda da iyayenmu suke rerawa a watan Mauludi.

Hikimar abin a fili take. Kari yana riƙe kalmomi kamar yadda zare yake riƙe 'ya'yan carbi: in ka tsallake kalma ɗaya, kunnenka da kansa zai gaya maka baitin ya karye. Amsa-amo kuma yana tuna maka ƙarshen ɗango. Sannan waƙa ba ta bukatar fitila ko takarda, ana iya yinta ana kaɗi ko ana tankaɗe. Abin da Nana Asma'u ta ƙara shi ne ta sauko da wannan hikima daga zauren manyan almajirai masu jin Larabci, ta kai ta tsakar gida cikin harshen da matan suke ji.

WASU DAGA CIKIN WAƘOƘINTA NA KOYARWA

Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen 60, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, na Fulatanci da na Hausa kuma da ajami ta rubuta su, irin wanda kuke gani a ɗaya ɓangaren wannan mujalla. Takan duba wanda za ta yi wa magana kafin ta zaɓi harshe. Malamai takan rubuta musu da Larabci, kamar waƙar maraba da ta yi wa wani malamin ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya, da ya biyo ta Sakkwato. 'Yan gida da dangi takan yi musu da Fulatanci. Talakawa kuwa, Hausa.

Daga cikin waƙoƙin akwai wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin baiti 30 kacal. Ta fara yinta da Fulatanci a 1829, aka sami ta Hausa a 1838. Ku duba hikima: macen da ba ta taɓa riƙe Mus'hafi ba, cikin 'yan kwanaki sai ga shi ta san sunan kowace sura. Wannan ɗan abin da ta samu shi zai sa ta ji cewa ashe ita ma za ta iya, ta yi kwaɗayin ƙari.

Akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda asalinta Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙanenta Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da kowane baiti mai ɗango 5. Waƙa ce ta gargaɗi ga shugabanni da alƙalai da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙin mutane.

Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta wajejen 1837, inda ta ambaci matan Manzon Allah (S.A.W.) da 'ya'yansa mata, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da wasu mata malamai na cikin Jama'ar Shehu. Ɗaliba in ta ji an jera sunan macen ƙasarta tare da waɗannan manya, sai ta san cewa ƙofar ba a rufe take ba.

Akwai Goɗaben Gaskiya ta 1842, mai bayanin hanyar tsira da sakamakon lahira. Akwai kuma waƙar da ta ba da labarin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa zango-zango, wadda ta yi da Fulatanci, Isa ya mayar da ita Hausa, aka san ta da suna Waƙar Gewaye. Game da ciwo da magani kuwa, a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'in da suka zo a sunna, domin malamai su sami abin ba mutane a madadin zuwa wajen bori.

'YAN TARU DA JAJI

Tsara waƙa abu ɗaya ne, isar da ita ƙauye kuma wani abu ne daban. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, Nana Asma'u ta ƙara ba da ƙarfi wajen karantar da matan karkara, ta kafa tsarin da aka sani da suna 'Yan Taru. A kowane gari takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta shugaba, ana kiranta Jaji. Jaji ita ke tattaro ɗalibai ta jagorance su zuwa wajen Nana. Waɗanda suke yin tafiyar su ne 'yan mata da ba su kai aure ba da kuma tsofaffin da suka gama raino. Matan aure masu ƙuruciya suna zaune a ɗakunansu, in ayari ya dawo sai a bi su gida-gida a koya musu abin da aka samo. Ta haka ba a taɓa haƙƙin miji ba, ba a kuma bar matar cikin jahilci ba.

Ranar naɗin Jaji, Nana takan ba ta malafa da jan rawani. Wannan malafa tana da tarihi, domin a Gobir alama ce ta Inna, wadda take shugabar matan gari kuma uwar 'yan bori. Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Duk inda Jaji ta ratsa da malafarta, an san wakiliyar 'yar Shehu ce, ba mai tare ta.

'Yan Taru sukan zo da sadaka gwargwadon hali: hatsi, zuma, man shanu, zane. Nana kuma sai ta rarraba wa mabukata. Kun ga ke nan ɗaliba ba ta zo a matsayin mai roƙo ba, ita ma da nata hannun a cikin alherin.

YADDA TA SA ƊALIBAI SUKA ƘAUNACI KARATU

In muka dubi wannan tsari da kyau, za mu ga abubuwa da dama da suka sa zaman karatunta ya yi armashi.

Na farko, ta yi wa ɗalibai magana da harshensu, ta kuma fara da abin da suke bukata yau-yau: tsarki, alwala, salla, azumi, zakka, zaman aure da haƙƙin maƙwabci.

Na biyu, ta gutsura karatun daidai bakin mai ci. Baiti kaɗan, a rera, a maimaita, sai ya zauna sannan a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, a cikin jama'a ake koyo. Tsohuwa da jikanyarta suna rera baiti ɗaya. Mai jin kunyar muryarta sai ta fake cikin ta 'yan uwa har ta saba, wadda ta manta ɗango kuma ta kusa da ita ta tuna mata.

Na huɗu, ta ɗora wa ɗalibai amana. Kowace ta san in ta koma gida akwai masu jiran ta koya musu. Wanda ya san gobe shi zai biya wa wani, ai ba ya wasa da haddarsa.

Na biyar, ta girmama ɗalibanta da talakawan da ke kewaye da ita. Yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya da ya rasu, haka ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima a 1844, ta yabe ta da kirki da kyautata zumunci. Haka kuma da wata Jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya, ta ambaci yadda take kan hanya rani da damina tana kawo mata ɗalibai, tana kuma yi musu nasiha da su kyautata niyya. 'Yar Shehu guda, matar Waziri, ta zauna ta tsara baitoci don tunawa da matar ƙauye! Wace ɗaliba ce za ta ji wannan ba ta ƙara ƙaimi ba? Hausawa sun yi gaskiya da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ba banza ba mutane suka riƙa kiranta Uwar Gari.

RASUWARTA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Nana Asma'u ta ci gaba da rubutu da koyarwa har tsufanta. Allah Ya yi mata rasuwa a shekarar 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka binne ta a Hubbare cikin Sakkwato kusa da mahaifinta. Bayanta ƙanwarta Maryamu 'yar Shehu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Wannan Maryamu ta taɓa zama a gidan sarautar Kano, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. A wancan zamani ƙasashenmu na Birnin Kudu da Gwaram a ƙarƙashin Kano suke, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ashe ke nan wannan tarihi bai yi nisa da mu ba.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mulki ya sauya, amma 'Yan Taru ba su watse ba, saboda makarantarsu a ƙirji take, ba ginin da za a rushe. Rubuce-rubucenta kuma zuriyarta ta adana su, musamman Wazirin Sakkwato Malam Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wajensa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ta sami takardun, ta fitar da littafin tarihin Nana a 1989. A 1997 kuma ita da wata malamar jami'a 'yar Amurka, Beverly Mack, suka buga ayyukanta a haɗe tare da fassara. Ta haka sunanta ya kai jami'o'in duniya.

DARASI GARE MU

Ga malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri: mun san ɗawainiyar da kuke yi, ga yawan yara ga ƙarancin alawus. Amma mu tuna yaran nan da yawansu sun wuni a makarantar boko, wasu sun dawo daga gona ko talla, sannan suka zo Islamiyya da yamma a gajiye. In darasin waƙa ya zo, a sassauta fuska, a ajiye bulala, domin maƙogwaron da tsoro ya shaƙe ba ya fitar da murya. Malam ya fara rerawa da kansa sau biyu ko uku yara suna saurare. Ya fassara ma'anar baitin kafin a shiga hadda, kada yaro ya yi ta rera abin da bai san inda ya dosa ba. A raba aji biyu, wannan sashe ya ja, wancan ya amsa, sannan a juya. Kada a bar waƙa ta zama ta yara uku masu zaƙin murya da ake fito da su ranar walimar sauka kaɗai. Mai kaushin murya ma yana da haƙƙi, in bai iya ja ba zai iya amshi. A hana dariya in wani ya yi tuntuɓe, domin dariyar rana ɗaya takan rufe bakin yaro shekara guda. A naɗa wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu kamar yadda Nana ta naɗa Jaji, a riƙa sauya su don kowa ya ɗanɗana. A kuma tace abin da ake rerawa: ya zama ma'anarsa ingantacciya ce, babu zagi ko habaici ga wasu Musulmi.

Ga 'yan uwa ɗalibai: duk baitin da aka koya muku, ku kai shi gida. Ku rera wa Inna da Goggo da ƙannenku, ku gaya musu ma'anarsa. Ku koyi rubuta shi da ajami da boko. Wanda Allah Ya ba basirar tsara baiti a cikinku, ya gwada mayar da farillan alwala ko sunayen watannin Musulunci waƙa, ya kawo wa malaminsa ya duba masa.

Ga iyayenmu kuma, musamman iyaye maza: in kun ji yarinya tana rera waƙar makaranta tana shara, kada a ce mata ta yi wa mutane shiru, bitar karatu take yi. Babban abin da muke roƙo shi ne kada aure ya zama ƙarshen karatun 'ya mace. Sau nawa muke ganin yarinya mai ƙoƙari ta kai aji 4 ko 5, da an ɗaura aure shi ke nan an rufe littafi? Nana Asma'u tana da kimanin shekara 14 aka yi mata aure, kuma duk rubuce-rubucen da muka lissafa a ɗakin mijinta ta yi su. Miji ya bar matarsa ta shiga ajin matan aure. Inda babu ajin kuwa, daga Kiyako zuwa Sundimina, daga Sara zuwa Basirka da Fagam, ba a rasa dattijuwa mai ɗan sani da za ta bi gidaje ta zama Jajin unguwarta, in dai maza sun ba ta dama sun kuma mutunta ta.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da dukkan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da ikon aiki da shi, Ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.